Hinda Mai Ƙuli da Autan Aro

Da sunan Allah muke buɗe baki, Shi ya ba mu shi. Zinariya, gyara zama, buɗe kayen naki na rubutu ki ɗauki bik, alƙalamin nan naki. Abin da na faɗa shi za ki rubuta, ba abin da mushenku, malamin makarantarku ta lakwal, zai so ba. In na yi tari, kar ki rubuta tarin.

Ni ne Hudu ɗan Mohamman, mutumin Dogon Gawo, ƙasar Waca. Labarin yayata zan ba ki, Hinda, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ke ba ki tarar da ita ba. Yau in kika je garinmu kika ce ina gidan Hinda, sai mutane su yi ta kallon juna. Amma ki ce gidan Tamu, ko akuya ta raka ki. To yadda aka yi Hinda ta koma Tamu, shi nake so ya zauna a takarda kafin ni ma a kai ni inda aka kai ta.

Ta girme ni da shekara bakwai, a bayanta na yi wayo. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Lokacin nan ƙasar Magariya gyaɗa ce ko'ina. Ta soya, ta murje, ta sheƙe, ta daka har ta yi laushi, ta zuba ruwan zafi ta yi ta juyawa da taɓarya har mai ya taso. Tunkuzar ta murza ta, ta lanƙwasa kamar awarwaro, ta jefa a kasko. Hannunta kullum da ƙamshin gyaɗa, ko ranar salla. Ga baki. Yaya Hinda in ta dawo daga kasuwa sai ta kwaikwayi duk wanda ta gani: mai tayi da rowa, Bafulatana mai nono, har jakin mai gishiri yadda yake harara. Mata su yi ta dariya har tuwo ya ƙone.

Mutum ɗaya ne a duniya ba ta da baki a gabansa. Ɗanta na fari, Alkasim.

Ku ƴan yanzu ba ku san wannan ba. Yarinya ta haifi ɗan fari ta rungume shi gaban surukai, ta kira sunansa, har ta ɗauke shi hoto da salula. A zamaninmu kunya ce. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa cikin mutane, nono ma sai ta juya fuska take ba shi. Ana yaye shi kaka ta ɗauke. Mu kuma gidanmu abin ya fi na kowa tsanani, don kakarmu ta wajen uwa Bafulatana ce, can muka ɗauko. To Alkasim, uwar ubansa, tsohuwa Gaji, ita ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma can ƙarshen gari. Gaji yake ce wa Inna. Uwar da ta haife shi kuwa Yaya yake ce mata, yadda ya ji ina faɗa. Ita in dole ta yi zancensa sai ta ce “yaron gidan Gaji”. Ta haifi biyar bayansa, uku suka tsaya, su ne take kira da suna, ta zage su, ta goye su, ta tsefe musu kai. Shi sai dai ya wuce ta bakin danga ya ji.

Ni ne ɗan aiken tsakani. Duk ranar da ta soya ƙuli sai ta ƙulle guda goma a tsumma ta ce, “Hudu, kai wa tsohuwa Gaji.” Gaji kuwa haƙori ɗaya gare ta, shi ma yana rawa. In na je sai in miƙa wa yaron in ce, ungo, kawu ya sayo maka.

Yana da shekara biyar ya taka garwashi, inda aka ƙona kara don toka, wutar ta ɓuya a ƙasa. Tafin ƙafarsa ta hagu ya saluɓe. Gaji ta yi nata maganin, ƙafa sai ruwa take. Yaya Hinda tana da cikin wata bakwai a lokacin. Ba ta je ta duba shi ba, ba a yi. Sai ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta sayen gyaɗa, ta yi tafiyar yini zuwa wata ruga inda wata tsohuwa ke da maganin ƙuna, ta dawo ƙafafunta kamar turmi. Ta ba ni garin magani da man shanu ta ce, “Ka ce kai ka samo.” Na ce ni na samo. Ƙafa ta warke, ta bar tabo fari. Gaji ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina ta amin. Rubuta haka, ba zan ɓoye ba.

Sai babban fari ya zo. Shanu suka ƙare, rumbuna suka zama ɗakin ɓera. A shekarun nan mijin Yaya Hinda ya rasu, bayan wata shida Gaji ta bi ɗanta. Alkasim ya rage shi kaɗai a gidan tsohuwa, saurayi ɗan ashirin da biyu, dogo, ba ya yawan magana amma in ya yi sai an ji har bakin rijiya. A rabon gado ya samu gonar jigawa mai gawo uku, wadda kakansa ya sare.

Shekara biyu bayan sojoji sun karɓi mulki... me kika ce? Dubu da ɗari tara da saba'in da shida? To sa haka, ke kika san lissafin Nasara. A kakar shekarar nan, an gama ɗaure dammuna, Alkasim ya same ni a gindin rumbu ya ce, “Kawu, zan sayar da gonar in tafi Legas.”

Na ce, “Ci-rani ai ba ya bukatar sayar da gona.”

Ya ce, “Ba ci-rani ba ne. Ba dawowa.”

“Don me?”

“Inna ta rasu, Baba ya rasu. In na kwana uku ban fito ba, wa zai ce ina Alkasim?”

Na ce, “Yaya fa?”

Ya yi ɗan murmushi ya ce, “Yaya tana da ƴaƴanta.”

Na je na faɗa mata. Tana daka, ba ta tsaya ba. Ta ce, “Gonar ubansa ce.” Amma gyaɗar da take dakawa ta riga ta daku tun kafin in shigo, ta yi ta kirɓa ta har mai na fallatsa mini a riga. Na ce to ba ni saƙo in kai. Ta ce, “Ka ce masa kai ba ka so.” Na je na faɗa. Ya ce, “Na sani, Kawu. Kai ai tun ina ƙarami kake so na.” Kin ga aiken nan na shekara da shekaru ya dawo ya ɗaure mu.

To a lokacin an farfaɗo da samariya, kowane gari an ce matasa su haɗa wasan kwaikwayo. Za a yi gasa a Waca, wanda ya ci ya wuce Magariya. Muna da mushe sabon zuwa, Mushe Illa, yaro ne ɗan Damagaram, shi ke cewa abin teyatur. Ya shirya wasa a kan masu gudu birni: wani saurayi Sale zai bar uwarsa ya hau kamyo, babbar motar kaya, ɓarayi su tuɓe shi, ya dawo da wando kaɗai yana nadama. Ba takarda, kowa a gaya masa inda maganarsa za ta nufa, ya ƙarasa da bakinsa. Mushe ya ji muryar Alkasim ya ce kai ne Sale. Baƙo ne, bai san komai ba. Uwar kuwa Ɗan Azumi wanzami aka ba, ya ɗaura zane da kallabi, ga gashin baki kamar tsintsiya. Ni na wuce shekarun samari, aikina riƙe zanar da ƴan wasa ke ɓuya bayanta.

Bayan la'asar muke gwaji, a gindin gawon da ke jikin dangar Yaya Hinda, daidai inda take suya. Rana ta uku Ɗan Azumi ya faɗi ƙasa ya kama ƙafar Alkasim yana kururuwa, “Wayyo Sale, ɗana na fari, sanyin idona, kar ka tafi!”

Sai muka ji dariya daga bayan danga.

“Ɗan Azumi!” in ji Yaya Hinda. “Uwar wa ka taɓa gani haka? Ko taka ce?”

Ya ce, “Ke dai ji da kaskonki, mai ƙuli.”

“Ina ji da shi. Kai ma da ka ji da askarka, ka fara da leɓenka na sama.”

Mushe ya matsa jikin danga da ladabi ya ce, “Yaya, me ya ɓaci?”

Ta ce, “Mushe, wannan Sale naka ɗan wa ne?”

“Ɗan wannan matar.”

“Na fari ne ko auta? Wa ya goye shi? Ubansa na da rai? Ita uwar ƴar ina ce, an kawo ta ne ko ƴar gari ce?”

Mushe ya yi dariya ya ce, “Ai ba mutum ba ne, Yaya, ni na ƙago shi.”

Ta ce, “Shi ya sa yake tafiya kamar karan da aka sa wa riga. Ka ƙago shi ba ka ƙago masa kowa ba. In ɗan fari ne, uwar ba za ta ce uffan ba, za ta ci gaba da dakanta, wasanka ya ƙare nan. In kana son ta yi magana, mai da shi auta.”

Mushe ya zaro ɗan kayensa ya fara rubutu. Ita kuwa baki ya buɗe. Tana juya ƙuli tana raba wa mutanen wasan dangi ta saman danga. Ta ce direban kamyo a hannun baffansa mai duka ya tashi, shi ya sa ba ya iya magana sai da tsawa. Ɓarawon yana da uwa makauniya da ke zaton dako yake yi, don haka in ya tuɓe Sale ya bar masa takalmi, ba mugu ba ne har can. Jandarman kuwa, ɗan sandan da ke cikin wasan, ta ce goyon kaka ne, shagwaɓaɓɓe, ɗaure fuskar duk aro ce, a ba shi goro a gani. Wallahi, Zinariya, yaran nan da ke tsaye kamar turaku sai ga su sun zama mutane. Mai yin ɓarawo har tafiyarsa ta sake.

Ɗan Azumi ya ga an bar shi a ƙasa da zane. Ya tuɓe kallabin ya wurga ta saman danga ya ce, “To tunda kin fi kowa sanin uwa, fito ki yi da kanki!”

Mushe ya tafa hannu ya ce, “Wallahi haka za a yi!”

Kowa ya tuna wanda ke yin Sale, ban da Mushe. Alkasim ya sunkuyar da kai. Daga bayan danga ba ka jin komai sai ƙarar mai, har muka ji ƙaurin ƙuli ya ƙone, abin da ban taɓa ji a gidanta ba. Na ja Mushe gefe na yi masa bayani. Ya kama baki ya ce zai je ya ba ta haƙuri. Na ce bari, zuwan ma wata kunyar ce.

Washegari muna haɗuwa sai ga ta ta zagayo da turmi a ka da tiren ƙuli a hannu. Ta dire ta ce, “Mushe, ji sharaɗina. Matar nan sunanta Tamu, ƴar Dungas ce, aure ya kawo ta. Mijinta na nan da rai, kurma ne, ba ya fitowa. Ta haifi takwas, Sale ne auta. Ni Hinda talla na zo, ba ruwana da kowa a nan.”

Mata sun yi gulma, ba za a rasa ba. Amma ta haura arba'in, ta gama takaba da daɗewa, kuma ƙulin tana sayarwa da gaske, ƴan kallo na saye.

Kwana goma sha biyu muka yi muna gwaji. Duk kwanakin nan turmi take fuskanta, ta ba shi baya. Ranar farko da za ta ce “Sale” sai da ta yi kaki sau biyu. Shi kuma da zai ce “Inna”, ƙasa ya gaya wa. Ɗan Azumi, da aka mai da shi direban kamyo, ya ce, “Kai auta, uwar taka tururuwa ce? Ɗago kai mana!” A hankali bakin ya saki. Tamu ta yi wa Sale faɗan rashin wanke ƙafa, ta ce ya cika cin tuwo kamar ubansa kurma, shi kuma ya koyi turo baki irin na auta. Mutane na dariya. Amma ana tashi, shi ke nan. Su haɗu a hanyar rijiya, ta kauce hagu ya kauce dama, kamar kullum.

Zancen gona kuwa bai tsaya ba. Wani ɗan kasuwa daga Mallawa ya zo ya zagaya ta, ya bi gambar iyaka ɗaya bayan ɗaya, ya duba gawon nan uku. Aka sa rana: washegarin gasa za a zauna gaban mai gari a gama.

Ranar gasa ta zo, bayan azahar, a filin lakwal na Waca. Garuruwa shida. Kumandan mai mulkin ƙasar ya zo daga Magariya a mota, aka sa masa kujera a inuwa tare da alƙalan gasa. Matan garinmu suka tako a ƙafa, har da tsohuwa Baturiya ungozoma, wadda ta yanke wa Alkasim cibiya. Ita ce mai tsaron kunya a garinmu. Yarinya ta kuskura ta yi wa ɗan fari murmushi, Baturiya za ta ji kafin magariba.

Mu ne na huɗu. Na kafa zanata na riƙe. Wasa ya fara daidai yadda muka gwada. Tamu na daka, Sale ya fito da ƙullin kaya a kafaɗa ya ce, “Inna, ni zan tafi Legas.” A gwaji, nan za ta ce kar ka tafi, birni ba na ɗan talaka ba ne, shi ya ƙi ji ya wuce.

Sai ta jingine taɓarya. Ta juyo. Ta kalle shi a fuska, gaban garuruwa shida.

Ta ce, “Sale, zo nan. Zauna.”

Ya waiwayi zana, ya ga ba mai cetonsa, ya zauna.

“Miƙo ƙafar. Ba wannan ba, ta hagu.”

Ta durƙusa ta zare masa takalmi, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta juya tafin. Ta ce, “Da wannan za ka je Legas?” Mutane suka yi dariya. Ta ce, “Ƙafar da na yi tafiyar yini a kanta? Ka taka wuta kana ɗan shekara biyar, na je har ruga neman magani, ina ɗauke da cikin ƙanwarka wata bakwai, na dawo ko zane ba na iya ɗaurawa. Ita za ka ɗauka ka kai inda ba zan ƙara jin takunta ba?”

Wani daga cikin mutanen wani gari ya ɗaga murya, “Kai! Auta da ƙanwa?”

Fili ya ɗauki dariya, suna cewa tsohuwa ta manta wasanta. Mutanen garinmu kuwa ba wanda ya yi dariya. Alkasim ma bai yi ba. Ya kalli tabon, ya kalle ta.

Na ce yanzu za ta gyara, ta ce bakinta ne ya suɓuce. Ba ta gyara ba. Ta ce, “Ƙulin da kawunka ke kai wa tsohuwa mai haƙori ɗaya, kai a ganinka tsohuwar aka soya wa? Kawun naka da ko barkono bai taɓa sayo wa kowa ba?”

Alkasim ya juyo ya dube ni ta gefen zana. Saura kaɗan in sake ta ta faɗi a kan ɓarayi.

Ya sauke ƙullin kayan daga kafaɗa ya ajiye a ƙasa. Ya zauna nan, ƙafa a cinyarta, ba ya motsi. Ɗan Azumi ya riga ya fito da kamyonsa na kwali yana ta oda da baki, “Pim pim! Legas! Saura mutum ɗaya!” Ya zagaya fili sau biyu, mai ya kusa ƙare masa. Mushe a bayana yana raɗa kamar zai yi kuka, “Sale, tashi! Tashi mana!”

Ta wajen matanmu kuwa guna-guni ya fara. Na ji wata ta ce, “Hinda ta zubar da kunya a kasuwa.” Kowa ya juya wajen Baturiya. Tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa ta ce, da ƙarfi yadda har kumandan ya waiwayo, “Wace Hinda? Ni Tamu nake gani, ƴar Dungas, tana magana da autanta. Ku yi mana shiru mu ji.”



Tamu ta mayar masa da takalmin da hannunta. Ta ce, “Ban hana ka tafiya ba. Namiji ne kai, je ka ga duniya. Amma gona ba ta shiga kamyo, bar ta inda kakanka ya bar ta. Hauyarka ka kawo ka jingine a ɗakina. In na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, zan kai ta maƙera a gyara bakinta, in fito da ita ƙofa. Kar ta kwana a waje, ka ji ko?”

Wannan murya tasa da ake ji har rijiya, ranar sai da na kasa kunne. Ya ce, “To, Inna.”

Ya tashi ya hau kamyo. Sauran wasan an yi shi, ɓarayi suka tuɓe shi suka bar masa takalmi, jandarma ya karɓi goro ya washe baki, mutane suka yi ta dariya. Da Sale ya dawo da wando, a gwaji faɗa za ta yi masa. Ba ta yi ba. Ta kwance bakin zane ta ciro ƙuli ta sa masa a hannu, ta koma dakanta.

Ba mu ci ba. Na uku muka zo. Alƙalai suka ce wasa ya yi kyau, amma an ce a hana samari tafiya, ga uwa ta ce je ka. Mushe Illa ya yi fushi tun daga Waca har rabin hanya, sannan ya tsaya a gindin wata tsamiya ya yi ta dariya shi kaɗai, ya ce shi dai ya ga teyatur yau.

Da safe ɗan kasuwan Mallawa ya iso ƙofar mai gari. Alkasim ya same ni ya ce, “Kawu, je ka ba shi haƙuri, gona ba ta sayarwa. Tunda aike ka iya.” Ya ƙara da cewa, “Shekara goma sha bakwai kana cin godiyar wani, ko kunya.” Na ce albarkar Gaji dai ta riga ta kama ni, ba a kwancewa.

Da na dawo sai na hange shi ya saɓa hauya, ya ratsa tsakiyar gari da rana tsaka, ba lokacin noma ba. Na bi shi a baya. Ya tsaya ƙofar gidan Yaya Hinda ya yi sallama ya ce, “Tamu na nan?”

Can daga ciki ta ce, “Wa ke neman ta?”

“Sale ne.”

“To ya shigo, tsayuwar me yake kamar baƙo?”

Ya shiga ya jingine hauyar a bayan ƙofar ɗakinta. Ta zuba masa fura, ta ɗan juya gefe tana yi masa faɗan ya rame.

Bayan kwana bakwai ya tafi. Legas ɗin ya je, ya yi ta turin ruwa a kura. Wata biyar ba labari. Da bazara ta yi nisa, ranar da gabas ta fara duhu, na ga Yaya Hinda ta fito da hauya a ka ta nufi maƙera. Na ce a raina, Allah kar Ka kunyata matar nan. Ta jingine ta a ƙofa. Hauya ta kwana ɗaya a waje, ta kwana biyu. Rana ta uku da hantsi sai ga shi ya sauko daga motar kasuwa da sabon kasko na ƙarfe a ka. Ko sannu da zuwa ba ta ce ba, ta ce, “Sale, na ce kar ta kwana a waje.” Ya ce, “Kamyon Ɗan Azumi ne ya lalace, Inna.”

Haka ya yi shekara tara, rani a can damina a nan, har ya yi aure ya zauna. Gonar tana nan, ƴaƴansa ke noma ta, gawo ɗaya ya faɗi saura biyu. Asabe ƙawarki da kuke zuwa lakwal tare, jikarsa ce.

Har Yaya Hinda ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Alkasim ba. In zancen Hinda ake yi, yaron gidan Gaji ne. Amma kullum da la'asar Sale zai zo ya zauna a bakin murhu, Tamu na suya tana yi masa faɗa, yana cin na farkon kasko da zafinsa. Gari duka ya bi bakinsu, sunayen suka zauna. Samariya ta sake neman ta wasa sau da yawa, ta ce a'a, ita ta samu abin da ta je nema. Sai dai in sun ƙago mutum su zo jikin danga, ta tambaye su wa ya goye shi.

Allah Ya jiƙan Yaya Hinda, Ya jiƙan Gaji da Baturiya, Ya sa mu tarar da su cikin rahama. Rufe kayen, Zinariya. In kin je garin da hutu ki karanta wa Alkasim, idonsa ya yi rauni amma kunnen na nan. Ki tambayi gidan Sale.